"Kullum haka muke yi": abin da ke kashe mutum a ƙarƙashin mota

Kwanakin baya na kai motata wani gareji na bakin titi, irin wanda ba shi da komai sai rumfar kwano da inuwar darbejiya. Wata ƙara ce take yi a ƙasa duk lokacin da na faɗa rami. Maigidan ya sa aka ɗaga gefenta da jak, aka cire tayar gaba, sai ya kira wani yaro da bai wuce shekara goma sha huɗu ba. Yaron ya shimfiɗa kwali ya zura kansa ciki har ƙugu. Jak ɗin yana kan yashi, an sa masa guntun katako a gindi, kuma ba a sa wa tayoyin baya waigi ba. Noti ya ƙi kwancewa, yaron ya tokare ƙafa a ƙasa ya fizgi sufana da iya ƙarfinsa, na ga motar gaba ɗaya ta yi rawa a kan jak.

Na ce, "Maigida, ba za a tokare ta da wani abu ba?"

Ya ce, "Haba Malam, shekarata ashirin ina wannan aiki. Kullum haka muke yi. Minti biyu ne ya fito."

Ba ƙarya ya yi mini ba, kuma ba mugu ba ne. Shekara ashirin ɗin gaskiya ce, kuma su ne suka tabbatar masa cewa babu komai. Wannan tabbacin shi ne abin da ya fi ba ni tsoro a garejin, fiye da jak ɗin kansa.

Bari mu fara da jak. Wanda ake bugawa da hannu yana aiki ne da mai. Duk bugu ɗaya yana tura mai ƙarƙashin wani sandan ƙarfe, sandan ya hau, sai wani ɗan ƙwallon ƙarfe da bai fi ƙwayar wake ba ya toshe hanya don kada man ya koma. A gefen sandan kuma akwai zoben roba da ke hana man tsiyaya. Ke nan duk nauyin motar yana kan ƙwallo ɗaya da zoben roba ɗaya. Ƙwayar yashi ta shiga mazaunin ƙwallon, mai zai riƙa sulalewa a hankali, mota tana sauka ba wanda ya lura. Robar ta tsufa ta tsage, sai mota ta zube lokaci guda. Shi kuwa jak mai zare da ke zuwa tare da mota, don canza taya kaɗai aka yi shi, gindinsa siriri ne, kuma littafin da ke zuwa da kowace mota yana gargaɗin kada a shiga ƙarƙashinta alhali shi kaɗai ke riƙe da ita. Sau da yawa ma jak ba ya lalacewa, kifewa yake yi. A yawancin motoci birkin hannu tayoyin baya kaɗai yake kamawa, saboda haka in aka ɗaga baya, abin da ke hana motar gangarawa ya tashi daga ƙasa tare da ita.

Wasu sun san wannan, sai su jero bulo su ɗora mota a kai, suna ganin sun yi taka-tsantsan. Bulo yana da ƙarfi ne a cikin gini, inda nauyi ya bazu a dukkan fuskarsa. Idan gefen ƙarfe ya danne shi a wuri ɗaya, balle irin bulon da aka yi wa rowar siminti, fashewa yake yi ba tare da sanarwa ba. Katako mai kauri ya fi shi amana, domin yana lotsawa yana ƙara kafin ya gaza, mutum ya samu zarafin ja da baya.

Ƙaramar mota irin Corolla tana da nauyin kilo 1,200 zuwa 1,300, kusan buhun siminti 25. Ko da kusurwa ɗaya ce ta sauka, buhu shida zuwa takwas ne a kan ƙirjin mutum. Mutane suna zaton karaya ce ke kisa. Sau da yawa numfashi ne. Ƙirji ba ya iya buɗewa, mutum ya fitar da iska ya kasa jawo wata, kuma ba ya iya ihu tunda ihu ma da iska ake yi. Cikin minti huɗu zuwa shida ƙwaƙwalwa ta fara lalacewa. Ana iya zama a benci ana hira taku goma daga inda yaro ke mutuwa ba a sani ba.

Kada wani ya ɗauka wannan ciwon talaka ne ko na wanda bai yi boko ba. Misalin da ya fi kowanne fito da yadda yanke, wato bin gajeriyar hanya a aiki, ke kisa ya faru ne a Amurka, a hannun injiniyoyi masu takardu da kayan aiki na zamani.

Ranar Juma'a 25 ga Mayu 1979, jirgin kamfanin American Airlines mai lamba 191, ƙirar DC-10, ya taso daga filin jirgin O'Hare na birnin Shikago zai tafi Los Anjeles. Yana ɗaga hanci, injin fiffiken hagu ya ɓalle tare da maratayin da ke riƙe da shi, ya wuntsila ta saman fiffike ya faɗi a kan titin jirgi. Bai fi rabin minti a sama ba jirgin ya karkata ya faɗi. Mutum 271 da ke ciki duk suka mutu, da wasu biyu a ƙasa, jimla 273. Har yau ba a yi haɗarin jirgin sama da ya fi shi cin rai a ƙasar Amurka ba.

Da hukumar binciken haɗurran sufuri ta ƙasar ta bi sawu, sai ta tarar da tushen abin a wurin gyaran kamfanin da ke Tulsa, jihar Oklahoma, mako takwas kafin haɗarin. Ana so ne a canza wasu sassa a inda maratayin inji ke haɗe da fiffike. Kamfanin da ya ƙera jirgin, McDonnell Douglas, ya tsara a fara sauke injin shi kaɗai, sannan a kwance maratayin. Injiniyoyin American Airlines suka ga akwai hanya mafi sauri: a kawo motar ɗaga kaya mai yatsu biyu, irin wadda ake lodi da ita a manyan sito, ta tallabo inji da maratayi a haɗe a sauke su lokaci guda. Wannan dabara tana rage kimanin awa 200 na aikin ma'aikata a kowane jirgi, tana kuma rage wayoyi da bututun da za a kwance daga 79 zuwa 27. A lura da wannan, domin hujjarsu ba ta banza ba ce: duk abin da aka kwance ana iya kuskure wajen mayar da shi, saboda haka suna iya cewa hanyarsu ta rage haɗari ma. Yanke ba ya zuwa da sunan yanke. Da sunan dabara yake zuwa, da sunan ƙwarewa.

Inda gizo ke saƙar shi ne, inji da maratayinsa sun kai tan shida, kuma direban motar ɗaga kayan ba ya ganin mahaɗar da ake kwancewa, da alamar hannu da murya ake yi masa jagora. Kuskuren da bai kai faɗin yatsa ba ma yana iya sa ƙarfe ya daki ƙarfe da nauyin tan shida. A kan wannan jirgin, ana tsakiyar aiki lokacin canjin ma'aikata ya yi, aka bar injin a kan yatsun motar an kwance wani ɓangare ba a kwance wani ba. Motar kuwa da mai take riƙe kaya, kamar jak ɗin garejinmu, sai matsin man ya ɗan ragu, yatsun suka ɗan sauka. Gindin maratayin ya tsage, tsagar da ta kai kusan inci 10, a wurin da ido ba ya kai wa. Aka ɗaure komai, aka sa hannu a takarda, jirgi ya koma aiki. Mako takwas yana tashi yana sauka da mutane, tsagar tana ƙaruwa kaɗan-kaɗan.

Abin da ya fi ci mini rai a labarin shi ne, an riga an ga alama. Kamfanin Continental, wanda shi ma yake amfani da wannan dabara, sau biyu yana lalata maratayi a wajen aikin, a ƙarshen 1978 da farkon 1979. Sun lura, sun gyara, suka ɗauke shi kuskuren ma'aikaci ne kawai, labarin bai kai ga sauran masu irin jirgin ba ta yadda zai sa su tsaya. Bayan haɗarin aka dakatar da duk jiragen DC-10 na Amurka kwana 37, aka bincika, aka sami irin wannan tsaga a wasu jiragen da aka yi wa aiki da wannan hanya. Su ma suna ta yawo da fasinjoji, suna jiran ranarsu.

Wata masaniyar zamantakewa 'yar Amurka, Diane Vaughan, ta yi nazarin fashewar kumbon Challenger na 28 ga Janairu 1986, wanda ya tarwatse daƙiƙa 73 bayan tashi ya kashe mutum bakwai. Sanadin shi ma zoben roba ne. An sha ganin zoben yana cinyewa a tashin da aka yi a baya, amma tunda kumbo yana dawowa lafiya, sai aka saba, har cinyewar ta zama abin da ake sa rai. Abin da ta bayyana shi ne yadda saɓa ƙa'ida ke rikiɗewa ya zama shi ne ƙa'ida. Ranar farko da bakanike ya shiga ƙarƙashin mota a kan jak kaɗai gabansa yana faɗuwa. Ya fito lafiya. Rana ta ɗari ba ya ko tunawa. Bayan shekara ashirin shi ne yake koya wa yara, kuma duk wanda ya tsaya neman abin tokari sai a ce matsoraci ne ko malalaci. Alhali jak ɗin bai ƙara ƙarfi ba a tsawon shekarun, tsufa ma ya yi. Fitowa lafiya sau dubu ba ta nuna hanyar tana da kyau, tana nuna cewa sharuɗɗan faɗuwa ba su haɗu a rana ɗaya ba tukuna: tsohuwar roba, ƙasa mai laushi bayan ruwan sama, noti mai taurin kai, da wani da ya jingina da mota yana waya.

A nan ne mukan kawo maganar ajali. In an yi rashi sai a ce kwana ne ya ƙare, kuma lalle babu mai wuce kwanansa. Amma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da aka tambaye shi ko mutum ya saki raƙuminsa ya dogara ga Allah, cewa ya yi ya ɗaure shi sannan ya dogara. Imani da ƙaddara magani ne ga zuciyar wanda aka yi wa rashi. Bai kamata ya zama mayafin da maigida zai rufe sakacinsa da shi ba, musamman da yake ba shi ne a ƙarƙashin motar ba. Duk wanda ya zagaya wuraren gyara, daga Ƙofar Ruwa a Kano har Panteka a Kaduna, ya san wanda ake turawa ƙasa: ƙaramin yaro, saboda jikinsa ya fi shiga matsatsi. Iyayensa amana suka kawo shi ya koyi sana'a, kuma tarbiyyar da aka yi masa ba ta ba shi bakin ce wa maigidansa "ina tsoro" ba.

Mu masu kai gyara ma muna da namu kason. Mu ne masu tsayawa a kan bakanike muna duba agogo, mu ne masu cewa wancan garejin ya fi sauri, mu ne masu taya aikin dubu goma dubu huɗu. Wanda aka matse a kuɗi da lokaci, abin da ba a gani shi zai fara yankewa, kuma kariya ba a ganinta sai ranar da babu ita.

Ɗaga inji daga cikin mota wani babi ne. Za ka ga an rataya sarƙa a reshen bishiya ko a ƙarafa uku da aka haɗa kansu, an ɗaure injin da tsohon bel ɗin kujera ko igiyar da aka ƙulla. Ƙulli kaɗai yana iya cinye kusan rabin ƙarfin igiya. Sarƙa in ta tsinke sai a haɗa ta da ƙusa mai noti ko a kai wa mai walda ya ɗinke. Sarƙar ɗaga kaya ta ainihi an gasa ƙarfenta ne a masana'anta da wani ma'aunin zafi na musamman, wutar walda kuma tana rusa wannan gashin, zoben da aka ɗinke ya zama shi ne mafi rauni alhali a ido ya fi sauran kauri.

Akwai kuma wani lissafi da ko manyan masu lodi ba kowa ya san shi ba. A ce sarƙa biyu ne ke riƙe da janareta mai tan ɗaya. In suna tsaye sak, kowace tana ɗauke da rabin tan. Da zarar an buɗa su, nauyin da ke kan kowace yana ƙaruwa, har in kusurwar da ke tsakaninsu ta kai digiri 120, kowace ɗaya tana jan tan ɗaya cur. Kaya bai ƙaru ba, amma wahalar sarƙa ta ninka. Duk wanda ya taɓa kama jarkar ruwa shi da wani ya san wannan a jikinsa: in kun matso kusa da juna da sauƙi, in kun ware sai kafaɗa ta fara ciwo. Gajeriyar sarƙa a kan faffaɗan kaya ita ke kawo wannan, kuma dalilin amfani da ita ɗaya ne, doguwar tana can nesa ba a son zuwa ɗaukowa. Haka fizga. Kayan da aka fizga ko aka bari ya faɗo kaɗan sannan sarƙa ta cafke shi, yana dukan ta da ƙarfin da ya ninka nauyinsa.

Ƙugiyar gini, wato injin ɗaga kaya mai dogon hannu, ita ma haka take. In an ce tana ɗaukar tan 25, a kusa da gindinta ne. Kowane taku da hannunta ya miƙa, abin da take iya ɗauka yana raguwa sosai, shi ya sa masu ƙera ta suke sa mata ƙararrawa da na'urar da ke tsayar da ita in an wuce iyaka. Akwai direbobin da ke kashe wannan na'ura don tana hana su gama aiki. Mu Musulmi ba za mu manta da Juma'ar 11 ga Satumba 2015 ba, lokacin da wata ƙatuwar ƙugiya ta faɗo a Masallacin Harami a Makka ana dab da aikin Hajji, mutum 111 suka rasu, har da 'yan Najeriya, kusan 400 suka jikkata. An yi iska mai ƙarfi da ruwa a ranar, amma kwamitin binciken Saudiyya ya gano cewa an bar hannun ƙugiyar a tsaye saɓanin umarnin masu ƙera ta, wanda ya ce a kwantar da shi in ba a aiki ko in ana iska. Kwantar da hannun irin wannan ƙugiya da sake tayar da shi aiki ne mai cin lokaci. Sarki Salman na Saudiyya ya dakatar da kamfanin Binladin, wanda ke aiki da ƙugiyar, daga samun sababbin kwangiloli bayan abin ya faru.

Masu walda kuma abin da ke cin su shi ne tanki "wanda babu komai a ciki". Ruwan fetur ba shi ke fashewa ba, tururinsa ne in ya gauraya da iska, kuma kaɗan ake buƙata: daga kashi ɗaya da rabi zuwa kusan kashi takwas cikin ɗari. A durom mai lita 200, cokali ɗaya ko biyu na fetur da ya maƙale a lungu ya isa. Shi ya sa tankin da aka juye ya fi cikakke haɗari, kuma ɗauraye shi da ruwa da omo ba ya fitar da abin da ya shige cikin tsatsa da haɗin ƙarfe. Wajen masu faci, za ka ga an zuba fetur cikin taya an ƙyasta ashana don bakinta ya hau kan wili, ko ana yi wa wili walda taya tana jiki. Na biyun ya fi muni, domin zafin yana sa robar ta fara ruɓewa daga ciki tana fitar da iskar gas, kuma tana iya fashewa bayan an kashe wuta an koma hira. Tayar babbar mota tana ɗauke da matsin iska sama da sau uku na tayar ƙaramar mota, shi ya sa a wuraren da ake bin ƙa'ida a cikin keji na ƙarfe ake ba ta iska.

Doka akwai ta. Dokar masana'antu ta Najeriya ta 1987 ta tanadi a riƙa duba sarƙoƙi da igiyoyin ɗaga kaya duk wata shida. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa masu ɗaukar aiki zuba kashi ɗaya cikin ɗari na albashin da suke biya a asusun inshorar ma'aikata na NSITF, don a biya wanda ya ji rauni ko iyalan wanda ya mutu a bakin aiki. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mutum miliyan uku ke mutuwa duk shekara sanadiyyar aiki, kimanin 330,000 daga ciki a haɗurra kai tsaye. Amma yaron gareji ba shi da albashi balle a zuba masa kaso, kuma in mota ta danne shi ba a rubuta shi a wani littafi. A ganina, wanda zai iya isa gindin darbejiyar nan ba jami'in ma'aikatar ƙwadago ba ne, shugabannin ƙungiyoyin kanikawa da masu walda ne. Su ne ke karɓar kuɗin ƙungiya, su ke sasanta rigima, su ake jin maganarsu. In suka ce duk garejin da ba shi da matokaran ƙarfe guda biyu ba za a ba shi yaro ba, za a saya.

Kuma abin da ake buƙata bai taka kara ya karya ba. Ƙasa mai tauri wadda ba gangara. Waigi a gaba da bayan tayar da ke ƙasa. A ɗaga da jak, a sauke nauyin a kan matokarin ƙarfe ko tubalan katako masu kauri da aka jera a gicciye, a ƙarƙashin wuri mai ƙarfi na jikin motar. Tayar da aka cire a kwantar da ita a tura ƙarƙashi, ko komai ya gaza ta bar wa ƙirji wuri. Sannan a kama motar a girgiza ta da ƙarfi kafin kowa ya shiga, in za ta faɗi ta faɗi babu kowa. In kuwa abin ya riga ya faru, kada a ja mutum ta ƙafa, a ɗaga motar da wani jak ana tura katako yayin da take hawa. Ko ya miƙe ya ce lafiyarsa ƙalau a kai shi asibiti, domin jini na iya zuba a ciki, kuma naman da aka daɗe ana dannewa yana sakin gubar da ke kashe ƙoda bayan an ɗauke nauyin.

A ranar dai na nace, maigidan ya sa aka fito da yaron, aka tura tayar ƙarƙashi, aka nemo dutse aka yi waigi. Bai ji daɗi ba, na gani a fuskarsa, amma ya yi. Da ya tafi sayo kayan gyara na zauna da yaron a benci, na tambaye shi ko ya taɓa ganin mota ta faɗo. Ya ce sau ɗaya, wata bas ce, amma ba kowa a ƙasa, sun tafi cin abinci. Da suka dawo suka tarar jak ya sauka da kansa, gindin motar ya danne kwalin da yake kwanciya a kai. Na ce to me kuka yi? Ya ce ƙara wa jak ɗin mai suka yi suka sake ɗaga ta, ya jawo kwalinsa ya koma ciki ya ƙarasa aikin. Na waiga na dubi jak ɗin da ke riƙe da motata, na tambaye shi ko shi ne. Ya ce shi ne.